Me ya sa ɓawon wani ƙarfe ke zuba in ya huce, na wani kuma ya manne?

Ɗan Maƙera ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga injiniyoyi da duk wanda ya san halin ƙarfe a wuta, domin abin ya kai wata biyu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Sana'ata gyaran kayan lantarki ce, su hita da dutsen guga da risho, amma a gidan maƙera na tashi a Zariya. Tun ina yaro ni ke yi wa mahaifina zuga, Allah ya jiƙansa. Duk wanda ya zauna a maƙera ya san baƙin ɓawon nan da ke zuba daga jikin ƙarfe in an zaro shi jajawur an ɗora a uwar maƙera an sa masa masaba. Da yamma in na yi shara sai in tara shi, sirara kamar ɓawon gyaɗar da aka murje. Baba yakan ce wuta ce ke cin rabonta, shi ya sa in zai ƙera fartanya yake yanko ƙarfen da ya ɗara abin da yake bukata.

Bara na haɗa ƙaramin tanderu na lantarki da bulo mai jure wuta, saboda ƙanena da ke ƙera wuƙaƙe yana son ya riƙa ba su zafi daidai, ba da ƙiyasin ido ba. Daga baya wata maƙwabciyarmu mai yin duwatsun wuya na yumɓu ta fara kawo nata ana gasa mata, nata kuwa sai an kai digiri 1,050 a ma'aunin Celsius. Ƙarfe iri uku ne a ciki. Akwai guntayen rodi biyu da na gitta, akwai faranti na sitenles da ke kansu, an buga 304 a bayansa, wato lambar nau'insa, sai wayar Kanthal A-1 da na naɗe na kwantar a ramukan bulo, wadda ita ce ke ba da zafin.

Rodin tun gashin farko ya fara zuba irin na maƙerar Baba, wannan bai ba ni mamaki ba. Farantin ya zauna lafiya muddin muna tsayawa wajen 800. Da muka fara haurawa 1,000 sai ya soma zubar da wani ɓawo baƙi mai ratsin kore. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne lokacin da yake zubar. Yana cikin wuta ba ya yin komai, na leƙa ta ramin ƙofa na gani. Sai na kashe, dare ya yi, shago ya yi tsit, sannan in riƙa jin ƙas, ƙas daga ciki. Da safe in tarar ɓawon ya yi tsalle har kan kayan mutane.

Wayar kuwa, wadda ta fi su duka shan zafi, ta yi wata fata ruwan toka mai santsi, wata takwas ke nan ko ƙwarzane babu. Me ya bambanta su? Me ya sa sai an huce ake zubar? Kuma akwai abin da zan yi wa farantin ya daina?

Mai Walda na Panteka ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, farantin nan ba na wannan wutar ba ne. 304 na tukunya da cokali da tankin ruwa ne. In zafi ya kai inda ka ce, 310 ake nema, shi ya fi yawan kuromiyam da nikel, ƙarafan da ake gauraya wa baƙin ƙarfe ya zama sitenles, kusan kashi 25 da kashi 20 cikin ɗari, na 304 kuwa 18 da 8. Na sha yi wa masu gidan burodi da masu narkar da alminiyam aiki, na ga yadda ƙaramin sitenles ke ƙonewa ya zama kamar takarda. Kuma ka lura, a kasuwa duk abin da ke ƙyalli sitenles ake ce masa, sai ka nemi wanda ke da lamba a jiki. Dalilin ƙarar da kake ji da dare kuwa sai injiniyoyi su zo.

Injiniya Mai Ritaya ya amsa:

Malam Ɗan Maƙera, Allah ya jiƙan mahaifinka. Maganarsa gaskiya ce, sai dai mai cin rabon ba wutar ba ce, iskar oksijin ce, wuta hanya kawai take buɗe mata. Na yi shekaru ina kula da tukunyar tururi a masana'anta, wannan ɓawon na sha kwashe shi da hannuna daga lanƙwasar bututu inda ya taru ya toshe hanya.

Abu na farko da za ka riƙe: babu ƙarfen da ba ya yin ɓawo a wannan zafin. Wayarka ma ta yi, fatar nan ruwan toka ita ce ɓawonta. Bambancin yana ga irin ɓawon da saurin kaurinsa. Rodi in ya wuce digiri 570 yana yin wani nau'in tsatsa da ƙwayoyin ƙarfe ke ratsawa cikin sauƙi, su fito waje su haɗu da iska, don haka a digiri 1,000 cikin awa ɗaya kaurinsa ya ninka gashin kai sau da yawa. Sitenles yana ɗauke da kuromiyam, shi ke riga baƙin ƙarfe kama oksijin, ya yi fata mai kore wadda ta fi toshewa. Wayarka kuwa baƙin ƙarfe ce da kuromiyam kusan kashi 22 da alminiyam kusan kashi 6. Alminiyam ɗin ne ke fitowa sama ya zama alumina, wato sinadarin da ke jikin dutsen yakutu. Shi alminiyam yana narkewa a 660, amma aluminarsa sai an haura 2,000. Oksijin na shan wuya ƙwarai kafin ya ratsa ta, har a yi awa dubu a digiri 1,100 kaurinta bai wuce maikuron goma ba, gashin kai kuwa yana kai saba'in (maikuron dubu ne ke yin milimita ɗaya).

Yanzu ga ƙarar dare. Ɓawon nan a cikin zafi aka haife shi, a lokacin da ƙarfen ya buɗe iyakar buɗewarsa, don haka a can sun dace da juna. In ka kashe wuta kowa zai tsuke, amma ba daidai suke tsukewa ba. Ɗauki wayarka mai tsawon mita ɗaya. In ta sauko da digiri dubu za ta ragu da kusan milimita 15. Aluminar da ke jikinta, da za a bar ta ita kaɗai, kusan milimita 9 za ta ragu. Saura milimita 6 ke nan da babu inda za a sa su. Ƙarfen ya fi kauri nesa ba kusa ba, shi ke da iko, sai ya matse ɓawon dole. An auna matsin da ke cikin irin wannan fata bayan ta huce, yana kai gigafaskal uku zuwa biyar a ma'aunin matsi, kusan ninki goma na abin da ke sa rodi ya saki ya miƙe. Ɓawo kuwa ɗan'uwan tangaran ne, ba ya lanƙwasa. Inda ya sami wuri mai rauni a ƙarƙashinsa sai ya kumbura ya yi ƙozo, ƙozon ya tsage a gefe, ya fashe ya yi tsalle. Ƙas ɗin da kake ji ke nan.

Ka tuna filastar siminti a bangon ƙasa. Ba ranar da aka yi ta take faɗuwa ba, sai damina da rani sun yi ta juya bangon yana motsi ita ba ta bin sa, ka ƙwanƙwasa ka ji ta yi kogo, wata rana ta zubo falle guda. Kuma wadda aka lafta da kauri ita ke riga faɗuwa. Haka ɓawon ƙarfe yake: ƙarfin da ke tare a cikinsa yana ƙaruwa da kaurinsa, in ya ninka kauri ya ninka abin da zai ɓamɓare shi. Siriri yana iya haƙuri, mai kauri ba ya iyawa.

Farantinka ya haɗa matsala biyu. Irin su 304 sun fi wayarka buɗewa da tsukewa, kusan milimita 18 zuwa 19 a mita kan digiri dubu, don haka tazarar da ke tsakaninsu da ɓawonsu ta fi faɗi. Ka duba takardun masu sayar da shi za ka ga abin da ke tabbatar da abin da kunnenka ya ji: suna ba shi digiri 925 in wuta ba ta yankewa, amma 870 kacal in ana kunnawa ana kashewa. Na 310 da Mai Walda ya faɗa 1,150 ne da 1,035. Sannan fatar kuromiyam in ta haura 1,000 tana fara tashi sama kamar tururi, musamman in akwai laima, yumɓun maƙwabciyarku kuwa yana fitar da laima. Duk sanda ɓawo ya zuba, farantin zai ciro sabon kuromiyam daga jikinsa ya rufe wurin. Yau da gobe na saman ya ƙare, sai baƙin ƙarfen ya fara ci kamar rodi. Baƙin da kake gani cikin koren alamar an kai nan ce.

Ɗan Maƙera ya sake rubutawa:

Na gode Baba Injiniya, Allah ya ƙara lafiya. Na gane batun tsukewa sarai. Amma ga inda na tsaya: kun ce ita ma wayar akwai milimita 6 da ke matse fatarta. Ga shi a unguwarmu ana ɗauke wuta tsakiyar gashi, wani lokacin sau uku a yini, ta huce ta sake ɗauka. Ko sirantaka ce kaɗai ke riƙe ta? Ina ganin akwai wani abu kuma.

'Yar Ɗakin Gwaji ta amsa:

Yaya Ɗan Maƙera, akwai wani abu kuma, kuma a kansa nake karatun digirina na uku a Jamus. Baba Injiniya ya yi bayanin ƙarfin da ke tura ɓawo. Ni zan yi maganar abin da ke riƙe shi, wato layin da fata ta haɗu da ƙarfe.

Bari in faɗa maka yadda muke gwadawa. Muna yanka ƙarfe kamar girman farcen babban yatsa, mu goge shi har ya zama madubi, mu rataya a tanderu a digiri 1,100 na awa ɗaya, inji ya zaro shi ya huce, ya sake mayarwa, haka ɗaruruwan lokuta. Lokaci-lokaci muna ɗora shi a sikeli mai auna abin da bai kai ƙwayar gero ba. Muddin nauyi na ƙaruwa a hankali, fata na nan, oksijin ɗin da ta sha ne muke gani. Ranar da nauyi ya fara raguwa, zuba ta fara. Na taɓa rataya guda biyu gefe da gefe, baƙin ƙarfe da kuromiyam da alminiyam ɗinsu daidai wa daida. Ɗaya ya fito fatarsa ta yamutse kamar ƙanzo a gindin tukunya, yana hucewa tana tashi, ƙarfe na ƙyalli a ƙasa. Ɗayan ya fito sumul. Bambancinsu shi ne an sa wa na biyun wani ƙarfe mai suna itiriyam, wanda bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba.

An daɗe da sanin wannan. Tun 1937 wani masanin ƙarfe a Ingila mai suna Pfeil ya yi rajistar cewa ɗan kaɗan na ƙarafa irin su siriyam, ɗan'uwan itiriyam, yana tsawaita ran gamin nikel da kuromiyam da ake yin wayar hita da shi. Masana'antu suka ci gaba da sawa, yana aiki, amma aka yi kusan shekara hamsin ana gardamar dalili. Wasu suka ce waɗannan sinadarai suna yin ƙananan turaku da ke kafe fata a jikin ƙarfe. Ana ganin turakun a madubin ƙara girma kuwa, sai dai an sami fatar da ta manne ba tare da su ba.

A tsakiyar shekarun 1980 masu bincike a Amurka, su Smeggil da Funkenbusch da Bornstein, suka nuna yatsa ga farar wuta. Kowane ƙarfe yana ɗauke da ɗan burbushinta daga narkarwa, giram kaɗan zuwa gomomi a cikin tan guda. Da zafi ya yi sai ta yi ta tafiya cikin ƙarfen har ta taru a daidai layin da fata ke manne, ta raunana haɗin, ta taimaka wa ƙananan koguna su buɗe a wurin. Kamar ka yi yaɓe a bangon da ƙura ta lulluɓe. James Smialek na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a birnin Cleveland ya yi gwajin da ni a wurina ya fi kowane gamsarwa. Bai ƙara komai ba, cirewa ya yi. Ya gasa ƙarfen a iskar haidurojin har farar wutar ta ragu ƙasa da giram ɗaya a tan, sai ga alumina ta manne ba tare da itiriyam ba. Ashe haɗin alumina da ƙarfe mai ƙarfi ne tun asali, datti ne ke ɓata shi. Aikin itiriyam na farko shi ne ya kama farar wuta ya ɗaure ta a cikin ƙarfe, kada ta iso layin.

Yana da aiki na biyu, wanda Bruce Pint na cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ya yi bayaninsa a 1996. Fatar alumina ƙananan ƙwayoyi ce jere, tsakaninsu akwai 'yan hanyoyi. In babu itiriyam, alminiyam na fita ta hanyoyin nan, oksijin na shiga, su haɗu a tsakiya su gina sabuwar alumina a cikin tsohuwa. Fatar sai ta yi ta faɗaɗa ta gefe alhali ƙarfen bai faɗaɗa ba, shi ne yamutsewar da na gani. Ƙwayar itiriyam babba ce, in ta shiga hanyoyin sai ta tare wa alminiyam fita. Oksijin kaɗai ke shiga, sabuwar fata ta riƙa tsirowa daga ƙasa a jikin ƙarfe, a hankali, a shimfiɗe. Hafniyam da zakoniyam ma suna yin irin wannan, masu yin waya irin taka sukan sa ɗaya daga cikinsu. Amma kamar kanwa a miya ne, in ya yi yawa sai ya ja oksijin cikin ƙarfen, fata ta yi saurin kauri, a koma gidan jiya.

Wani abu da ya taɓa ba ni tsoro: samfur ya huce tun jiya, fatarsa lafiya, na ɗiga masa ruwa, nan take ta fara tsalle a gabana. Matsin yana nan a ɗaure, laima ce ta ƙarasa raunana layin. Smialek ya yi rubutu a kan wannan ma. Don haka kada ka bar tanderunka inda raɓa ko ɗigar rufi za ta same shi.

Injiniya Mai Ritaya ya ƙara:

Madalla da 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. A zamaninmu batun turaku aka koya mana, kuma har yanzu ina ganin suna taimakawa wajen tare tsaga kada ta yi nisa, amma gwajin cire farar wutar nan hujja ce babba. Wannan ilimin shi ke riƙe da injin jirgin sama. Iskar da ke bugun fukafukan cikinsa ta fi zafin da ke narkar da ƙarfensu, ana sanyaya su ta ciki, a lulluɓe su da tangaran na musamman, kuma abin da ke riƙe tangaran ɗin siririyar alumina ce irin ta wayarka. In ta saki, rufin duka ya tafi.

Malam Ɗan Maƙera, ga abin da zan yi da ni ne. Farantin ba ya gyaruwa, kuromiyam ɗin samansa ya tafi. Ka nemi faifan tangaran mai jure wuta, shi ba ya yin ɓawo sam. Rodin ka fitar da shi yau, domin tsatsarsa in ta faɗa kan waya mai zafi tana cin alumina, wurin ya zama inda za ta tsinke. Haka gishiri da ruwan ƙyallin da ake shafa wa yumɓu. Kada ka kankare fatar wayar da sunan tsafta, kowace sabuwar fata daga alminiyam ɗin cikinta ake biya, kuma kashi 6 ɗin nan shi ne dukan jarinta. Dalilin da ya sa waya mai kauri ta fi daɗewa ke nan. In ka sa sabuwa, ka kunna tanderun babu komai a ciki, iska na shiga, ka riƙe shi sama da 1,000 na awoyi, domin aluminar da ke fitowa a ƙaramin zafi ba ta kai ta babban zafi toshewa ba. In ƙanenka yana sa gawayi a ciki don kada wuƙa ta yi ɓawo, gawayin na cinye oksijin ɗin da wayar ke bukata ta ɗinke inda ta tsage, sai ka riƙa yi mata wannan gashin na babu komai lokaci-lokaci. Kada ka buɗe ƙofa yana ja. Saurin hucewa ba ya canza milimita 6 ɗin, amma in an sauko a hankali ƙarfen na da laushin da zai ɗan saki tun yana da zafi, ya rage wa fatar kaya. Kuma wayar da ta riga ta sha wuta kada ka lanƙwasa ta a sanyi, karyewa take yi kamar tsinke.

Ɗan Maƙera ya rufe:

Allah ya saka muku da alheri, Baba Injiniya, Malama, da Mai Walda. Jiya na fitar da rodin da farantin. Da na haska fitila a ramukan bulo sai na ga ɓawon rodi guda uku kwance a kan waya ta layin ƙasa, ɗaya har ya bar tabo ja-ja a jikinta. Na zuƙe su da ƙaramin bututu ban taɓa wayar ba, na kunna tanderun babu komai a digiri 1,050 da janareta har awa bakwai, na bar ƙofa a rufe har safiya. Na zauna a shagon bayan isha'i ina saurare, ban ji ƙas ko ɗaya ba. Tabon yana nan, na sa alama da alli a bulon da ke kusa da shi don in riƙa dubawa bayan kowane gashi. Faifan tangaran kuma na ba da saƙo Kano, ana kawo mini ranar Asabar.